Murjanin Inna da Tocilar Auta

Autanmu a dam ɗin Tiga ya koyi nutso, wajen kwance komar masunta idan ta sarƙe a kututture. Wasa-wasa sana'ar ta kai shi Bahar Maliya, yana raka baƙi masu kallon ƙarƙashin teku. Da ya zo hutu, kowa ya sami tsarabar dabino, shi kuwa abin da yake ta rawar kai a kansa wata tocila ce mai haske shuɗi-shuɗi.

Da rana tsaka ya tura mu ɗakin Inna, ya rufe ƙofa da taga, ya kunna. Haƙoransa suka yi fari fat, mayafina ya ɗau walƙiya, na ƙyalƙyale da dariya. Sai ga kunama a bayan randa tana ƙyalli. Inna ta yi salati, ta murƙushe ta da takalmi, ta ce wannan tocila mai albarka ce.

Da ya bar zancen a nan da an zauna lafiya. Amma Auta bakinsa ba ya shiru. Ya ce ai a teku murjani yake haskawa da ita, launinsa ya fito kamar rini, baƙi su yi ta ɗaukar hoto.

"Murjani irin nawa?" in ji Inna, ta dafa wuyanta. Wannan murjanin na mahaifiyarta ne, da shi ta fito ranar da aka tashe su daga ƙauyen da ruwan dam ya cinye.

"Danginsa ne, Inna. Ai halitta ce mai rai. In aka daɗe ana dallara masa hasken nan sai ya takura, har ya koɗe."

Inna ta ɗaure fuska. "To kai da cutar bayin Allah kake ci? Ba ka komawa."

Na ɗauka wasa ne, sai da na ga ta kulle fasfonsa a adaka. Kwana huɗu Auta yana bin ta da magiya, har kunyarsa na ji, ƙato da gemu. Na sa baki, ta ce in yi ta kaina. Gaskiya na tsorata, don shi ba zai tafi ba tare da albarkarta ba, aikin kuma ba zai jira shi ba.

Ran na biyar ta kira shi tana tsince shinkafa.

"Ya ake yi ba a cutar da murjanin ba?"

"A haska kaɗan a ɗauke, Inna."

"Kaɗan ɗinka ni ban yarda da shi ba, na san ka da tuwo. Ka kunna, ka karanta Ƙulhuwa ƙafa ɗaya a zuci, ka kashe. Baƙinka ma haka."

Auta ya yi alkawari har da rantsuwa, ni kuwa dariya ta hana ni magana. Ta miƙa masa fasfo, ta sa masa albarka. Sannan ta shafa murjanin wuyanta, ta ce, "Wannan an riga an raba shi da gidansu, kamar ni. Waɗancan da ke zaune a garinsu, ka bar su su zauna."