Faifan da Baffa Ya Wanke

Jiya jikata ta narka kakin zuma a madafi za ta haɗa man shafawa, sai ƙanshin ya biyo ni har ɗaki. Na ajiye carbi. Ni mace ce mai yawan damuwa, wadda ke sake alwala sau biyu don shakka, kuma wannan ƙanshi yakan tono mini abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Yau zan gaya maka.

Ƙauyenmu yana bakin kogin Haɗeja, inda damina ke kawo kifi da shinkafa, wata shekarar kuma ta kawo ruwa har gindin gado. Lokacin Turawa suna nan. Babana ya je yaƙinsu, ya dawo da tari a ƙirji, da garmaho a akwati, da faya-fayai goma sha biyu da ya saya a hanya. Kowane faifai yana da 'yar zagayayyar takarda a tsakiya, da rubutun boko a kai. Babana bai iya boko ba, sai ya ɗauki alƙalami da tawadar allo ya raɗa wa kowanne suna da ajami. Wannan "na sojoji". Wancan "na marowaci". Akwai "mai sa barci". Akwai kuma wanda ya rubuta wa "na 'yata", domin da an sa shi nake tashi in yi ta juyi har in faɗi. Yakan kama yatsana ya bi da shi a kan baƙaƙen yana karanta mini.

Tarin ne ya tafi da shi ina shekara takwas. Da uwata ta gama takaba ta koma gidansu a Kaugama, ni aka bar ni wurin Kaka, uwar babana. Rigunansa an raba, gonarsa ma an raba. Abin da ya rage mini na hannunsa shi ne rubutun nan. Kullum da safe sai na buɗe kwandon faya-fayan na ƙirga su, na duba ko gara ta shiga, ko ɓera ya taɓa. Kaka ta sa mini suna uwar tsoro.

Shekarar da ta biyo, kogi ya yi ambaliya ya shigo gida. Faya-fayan suna tsaye a kwando a ƙarƙashin gado. Da ruwa ya janye muka tarar taɓo ya kama ƙasansu ya bushe a cikin siraran layukan da allura ke bi, amma Allah ya sa ruwan ya tsaya saura yatsa biyu ya kai takarda. Dole a wanke su. Kai ma ka san tawadar allo, don a wanke ta aka yi ta. Ɗigo ɗaya ya isa.

Kaka ta yi kwana biyu tana tunani. Da farko ta gwada man kaɗanya a kan wata tsohuwar takardar shayi, man ya ratsa ta ya mai da ita kamar fata. Sai ta nemo ƙananan ƙoƙuna biyu, ta goga bakinsu a kan dutse har suka yi sumul. Ta narka kakin zuma a kasko, ta bari ya huce ya yi laushi, ta murza shi a cinya kamar igiya, ta zagaye bakin kowane ƙoƙo da shi. Ta kife ɗaya a kan takardar gaba, ɗaya a ta baya, ta danne. Ni nake riƙe ƙoƙunan tsakanin tafukana, ita kuma tana bin layukan da tsumma mai laushi da ruwan tulu wanda ya kwana ya kwanta. Ba sabulu, ba rana. Sai faifan ya bushe sarai a inuwa sannan ta ɓamɓare kakin a hankali da farce.

Ran da muka ɗaga ƙoƙon farko muka ga rubutun yana nan baƙi ƙirin, Kaka ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Gobe mu yi naki."

Na ce, "A'a, Kaka. A bar nawa ƙarshe, sai hannunki ya gama sabawa."

Ni da bakina na faɗi haka. Faifai ɗaya muke yi a rana, mun yi uku.

Baffa, ƙanin babana, saurayi ne a lokacin, mai son hula da turare. Yana neman 'yar wani attajirin bandar kifi a wani gari ta wajen Malam Madori. Tsohon ya ji labarin garmaho, ya aiko cewa yana so ya ji gangar sojoji da kunnensa. Baffa ya tsaya a kanmu yana kallon ƙoƙuna, ya ce, "Inna, da wannan tafiyar hawainiya ai sai yarinyar ta yi jika ban kai ba."

Kaka ta ce, "Ka taɓa su, ka gani."

Washegari Kaka ta tafi barka, ni na kai abinci gona. A kan hanyar dawowa na biyo ta mashaya, sai na hango wasu abubuwa ja da shuɗi suna yawo a kan ruwa kamar ganyen bado. Baffa yana tsugune a gaɓa, ya naɗe hannun riga, yana dirzar faifai da soso. Tara duka ya tsoma. Na jefar da akushi na faɗa ruwa har ƙugu ina kamo takardun. Suna narkewa a hannuna. Ko ɗigon tawada babu a jikinsu.

Ya dube ni yana dariya ya ce, "Ke uwar tsoro, takarda ce ke waƙa? Ga su nan fes, kin huta da riƙon ƙoƙo."

Da Kaka ta dawo ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Hannun yayanka ka wanke." Ya ce shi bai ga abin kuka ba. Bai ba da haƙuri ba, ko a ranar, ko bayanta.

Ban yi kuka a gabansa ba. Kwana uku ina kallonsa yana cin tuwo yana suɗe yatsu, ina roƙon Allah ya nuna mini inda zai ji zafi.

Ran tafiya ya sa rigarsa mai aiki, ya jera faya-fayan a tabarma, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Tara duk baƙaƙe, duk iri ɗaya. Allurar garmaho biyu kawai suka rage, ba zai ɓata su wajen gwaji ba. Ni kuwa na san kowanne kamar yatsuna. Na sojoji yana da 'yar ɓalla a gefe. Na marowaci yana da ƙarzuwa kamar ƙafar kaza.

Ya ce, "Ke, wanne ne na sojoji?"

Duk yankin nan an san surukin nasa. Mutum ne da ke ƙirga ƙashin kifi bayan baƙi sun ci. Faifan marowaci kuwa wata mata ce mai goge take yi wa wani tsoho zambo, tana cewa yana kulle rumbu ya kwana da yunwa, kajinsa ma sun yi ƙaura gidan maƙwabta. Na miƙa wa Baffa mai ƙafar kaza.

Ni na ɗauki kwandon a ka na bi shi. Na zauna bayan zana kusa da zaure, ina jin dattawa suna gaisawa, ina jin Baffa yana juya hannun garmaho yana cewa, "Yanzu za ku ji yadda ake fareti gaban Bature." Sai goge ya tashi. Sai muryar matar ta cika zauren. Da ta zo kan kaji, wani tsoho ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, yaran da ke leƙe suka ɗauka, har mata a cikin gida na jiyo suna ƙyaƙyatawa. Baffa ya rikice ya rasa yadda ake tsayar da abin.

Na ji muryar mai gidan a sanyaye: "Yaro, har zaurena? Ɗauki akwatinka."

Kafin mako ya zagayo an dawo da kayan gaisuwarsa a ƙwarya. Waƙar kuwa ta bi tsohon har kasuwa, ta bi Baffa har bakin kogi, masunta suna rera masa ita daga cikin kwalekwale. A gida ya ciro tsumagiya ya yi kaina. Na ɓuya bayan Kaka na ce, "Baffa, ai babu rubutu a jiki."

Kaka ta miƙa hannu ta karɓe tsumagiyar. Da ya fita ta dube ni ta ce, "Kuskure kika yi?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To. Tashi ki ɗebo ruwa."

Baffa bai yi aure ba sai bayan shekara huɗu, kuma ba ita ba. Yanzu duk sun tafi, shi da Kaka da tsohon. Jikokina suna ɗauke da waƙa dubu a aljihu, kowacce da sunanta a fuskar waya, in ta ɓace su sake samowa. In na ce musu akwai rubutun da ba shi da na biyu a duniya, sai su ce in kwatanta, su nemo mini.

Na je yaƙi da jahilci, na yi 'yar makaranta, kuma babu malamin da ya zauna unguwarmu da ban dame shi da tambaya ba. Na tambayi hukuncin allurar da na tsinta, na tambayi na gishirin da na ara na manta. Wannan kaɗai ban taɓa kaiwa ba, domin na san amsar. Za a ce in tuba, kuma an koya mana cewa tuba ba ta yiwuwa sai da nadama. Na raba mutum da matar da yake so, na tozarta tsohon da bai yi mini kome ba. Don tsohon nan ina yin sadaka. Amma game da Baffa, duk Juma'a nakan zauna in laluba zuciyata lungu-lungu, yadda ake neman kwabo a cikin rairayi, ko zan sami nadamar nan ko da ƙanƙanuwa ce. Gashina ya yi fari ina nema. Ina tsoron ranar tambaya ƙwarai, amma har yau in na tuna dariyar zauren nan, sanyi nake ji a raina.