Takin da Muka Yi wa Godiya

A ƙauyenmu, can gefen Ruma, juji arziki ne. Toka ce da kashin awaki, kowa kwasa yake ya kai gona. Shi ya sa ranar da wata tifa ta zo daga gari ta juye mana shara a bakin gona kyauta, Baba har da kama wa direban zabi biyu.

Sai da ruwan farko ya sauka muka ga abin da aka kawo mana: leda, matattun batura, allurai da audugar asibiti. Wani baƙin ruwa mai wari ya dinga tsattsafowa daga ƙarƙashin tulin yana gangarawa korama, daidai inda muke tona yashi mu ɗebi na sha. Shanun maƙwabcinmu suka shinshina suka juya. Mu da ba mu da rijiya muka sha, kuma a daminar gudawa ta ɗauke ƙanwata.

Muna zaman makoki duba-gari ya zo. Bai tambayi wanda ya aiko tifar ba, cewa ya yi mu mutanen ƙauye ƙazantarmu ke kashe mu.

Baba bai sake cin naman zabo ba har ya rasu.