Ranar da Jirgi Ya Bar Rediyo a Tasha

Inna Tela ba ta taɓa yin tafiyar da ta wuce yini guda ba sai da ta haura sittin. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ƙaramar tana goye, sai ta jawo keken ɗinkinta bakin tagar da ke kallon titi, ta zauna a kansa shekara talatin. Kayan makaranta, labule, rage wando, sauya zif, ba aikin da take rainawa. Mace ce marar yawan magana, kullum da allura a leɓenta, shi ya sa ake mamakin ƙawancenta da maƙwabciyarta mai sayar da zare da maɓallai, wadda unguwa ta laƙaba wa suna Rediyo. Rediyo ta yi ta zuba, Inna ta yi ta ɗinki, a haka suka yi furfura tare.

Da autar Inna, wadda aure ya kai wata ƙasa, ta haihu, sai ta aiko da tikitin jirgin ƙasa guda biyu, ta ce kada mahaifiyarta ta taho ita kaɗai.

"Ke da ko hanya ba ki iya tambaya ba," in ji Rediyo tana ɗaure kayanta. "Ni ce bakinki, ƙawata. Ke dai ki zama idona."

Tafiyar kwana biyu ce. Ranar farko Inna ta manne da taga tana kallon gonaki da gadoji kamar yarinya. Rediyo kuwa kafin rana ta take ta san sunan kowa a taragon, ta san mai zuwa asibiti da mai zuwa neman aiki, ta kuma rabar da rabin guzurinsu. Inna ta ƙule, ta juya mata ƙeya. Amma da yamma ƙafafun Inna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, Rediyo ta ɗora su a cinyarta tana matsawa, fushin ya bi iska.

A kan iyaka jami'ai suka shigo duba fasfo. Rediyo ta tsare su da gaisuwa har da tambayar iyali, suka buga hatimi da sauri don su tsira. Suna fita ta miƙa wa Inna nata. "Riƙe min. Ni abin da na taɓa sai ya yi ƙafa."

Washegari da hantsi jirgin ya tsaya a wani gari da ba su jin ko kalma ɗaya ta yarensa. Rediyo ta ɗauki filas.

"Ina za ki?"

"Ruwan zafi zan samo a gasa miki ƙafar nan."

"Kada ki sauka, don Allah."

"Ga mai shayi can, ko minti biyu ba zan yi ba."

Inna tana kallonta ta taga, tana yi wa mai shayi bayani da hannu biyu, lokacin da ƙofofi suka rufe. Jirgin ya motsa. Ta ga ƙawarta tana gudu a kan dandamali, filas a ƙirji, takalmi ƙafa ɗaya, bakinta a buɗe amma ba a jin komai. Daga nan katangar tasha ta shiga tsakaninsu.

Ta kira wayar Rediyo. Wayar ta yi ƙara a cikin jakar da ke gefenta.

Da kwandasta ya zo wucewa, Inna, wadda ba ta taɓa ɗaga wa wani murya ba, ta cafke hannun rigarsa. Ta nuna masa fasfo biyu, tikiti biyu, ta daki kujerar da ba kowa a kai. Ya yi magana, ta yi magana, ba wanda ya gane wani. Can sai ya dafe kai, ya zaro wayar aikinsa. Bayan ya gama ya zana mata a takarda: wani jirgin na biye da yamma, za a sa ƙawarta a ciki, ita ta wuce abinta.

Inna ta girgiza kai. A tasha ta gaba ta sauka da jakunkuna huɗu da kumburarrun ƙafafu.

Ƙaramar tasha ce, benci ɗaya da wata mata mai shara. Awa bakwai Inna ta yi a bencin. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta lura aljihun rigar mai sharar ya ɓalle. Ta yafito ta, ta zaro zare da allura, ta ɗinke shi a jikinta. Matar ta tafi ta dawo da shayi da burodi, suka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Rana ta karkata sa'ad da jirgin ya iso. Tun daga nesa Inna ta hango kai a waje ta taga, ba ɗankwali. Mai shara ta taya ta cilla kaya ciki. Inna ta tarar da Rediyo a tsaye bakin ƙofa, yatsan ƙafa na jini, idanu sun kaɗa.

"Ba na ce kada ki sauka ba?" Inna ta faɗa.

"Na ɗauka kin wuce," in ji Rediyo a hankali. Sai ta ɗaga filas ɗin. "Ruwan ma ya huce."

Suka fashe da dariya da kuka a haɗe, har mutanen taragon suka matsa suka ba su wuri.

Sun isa a makare da rabin yini. Autar tana tashar tun safe, hankali a tashe, mijinta na ta faɗa da ma'aikata. Da suka shiga gida aka ɗauko jaririn za a miƙa wa kakarsa, sai Inna ta janye hannunta, ta nuna ƙawarta da haɓa.

"Fara ba ta," ta ce. "Ta fi ni shan wuya a kansa."