Ƙarfen Gadona, Bahago

Yau Alhamis. Gwiwoyina sun kumbura, tari kuma ya ƙi sakina. Sai da rana ta ɗaga maƙwabci ya shigo ya tayar da ni daga gado.

Ranar Litinin ta makon jiya, uku ga wata, aka aiko mini cewa ka rasu, Bahago. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An ce faɗuwa ka yi a ɗakin kwamfuta, kana tsaye a bayan wani ɗalibi kana gyara masa zane.

Ni na koya maka zanen injiniya da fensir da rula, lokacin da hannunka na hagu yake shafe duk layin da ka ja. Da ka zama malami kana koyar da zane a kwamfuta, kakan tsokane ni: "Baba, wannan ba ruwanta da hagu ko dama." Cikin duk waɗanda na koyar, kai kaɗai ka riƙe hanyar ɗakin nan.

Ba ka yarda ɗalibi ya zana abin da babu mai jiransa. Kowace shekara sai ka nemo mabuƙaci, ka ce a auna shi, a zana masa abin da zai amfane shi. Bana ni ka zaɓa. Ka kawo ɗalibanka da tef, suka auna tsayin gadona da iyakar inda hannuna yake kaiwa, don a ƙera mini ƙarfen da zan kama in tashi da kaina. Ka yi ta juya hotonsa a fuskar kwamfutarka ina kallo kamar ƙaramin yaro.

Na ji shugaban sashenku ya yi kuka a zaman makoki, ya ce an yi babban rashi. Shi ne dai ya bar ka shekara da shekaru da ɗalibai huɗu a kan kwamfuta ɗaya. Wanda ya gaje ka kuwa, kafin a share makoki ya soke aikin ƙarfen gadona, ya ce ɗalibai su kwafo zanen kusoshi daga littafi, sun fi sauƙin ba da maki.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koyar ya bi ka. Matarka da 'ya'yanka da mahaifiyarka, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Ɗaya daga cikin ɗalibanka ta aiko cewa za ta zo yau bayan azahar da zanen, ta kai wa mai walda. Na sa riga mai tsabta, na bar ƙofa a buɗe. Ga shi an yi magariba, ba ta zo ba.