Ranar da Aka Zuba Ƙwayar Bulus a Kwata

Har yau ranar da Bulus ya zube a ƙofar sito ba ta fita a raina ba. Lokacin ina hedman masu lodi a wani kamfanin abincin kaji a Kudenda. Shi Bulus fokilif yake tuƙawa, motar nan mai ɗaga buhuna.

Wata damina bayansa ya riƙe. Likitan kamfani ya rubuta masa dayazafam, ƙwayar da ke sassauta jijiya ta kawo barci, ya ce ta 'yan kwanaki ce kawai. Baya ya warke, amma barci ya ƙi zuwa sai da ita. Sai ya koma saye a wani kemis a Narayi, ba takardar likita ba komai. Daga ɗaya ya koma biyu, daga nan shi ma bai san iyaka ba. Yana tafiya kamar an jiƙa shi, mu kuma muna dariya muna kiransa Oga Sannu-sannu.

Da magana ta kai wa manaja, ya ce ko ya daina ko ya ajiye makulli. Bulus kuwa 'ya'yansa huɗu, gidan haya. Sai 'yan addu'ar rana, masu taruwa bayan ɗakin janareta lokacin cin abinci, suka ɗauki zancen. Shugabansu Baba Dauda ya ce wannan ɗauri ne, kuma rana ɗaya ake tsinke ɗauri. Aka yi waƙa, aka zazzage aljihun Bulus, aka zuba ƙwayoyin a kwata. Har manaja ya leƙo ya tafa.

Bayan 'yan kwanaki hannun Bulus ya fara rawa, gumi na zubo masa, ko ƙarar faranti sai ya zabura. Ya ce mini, "Hedman, jikin nan ba nawa ba ne." Na gaya wa manaja, ya ce lalaci ne, ga tireloli na jira. Da rana tsaka Bulus ya sauko daga fokilif ke nan sai ya faɗi yana jijjiga, kumfa a baki. Allah ya taimaka ya riga ya kashe injin.

Sista Ladi, nas ɗin kilinik na kamfani, ta zo da gudu, ta ji abin da aka yi, ta yi masa allura. Jijjigar ta tsaya. Baba Dauda ya tambaye ta wane magani ne mai ƙarfi haka.

"Dayazafam ce, Baba. Wadda kuka zuba a kwata."

Ta ce idan jiki ya saba da ita, yanke ta farat ɗaya na kawo farfaɗiya, har ya kan kashe mutum. Kaɗan-kaɗan ake rage ta, a hannun likita.

Haka aka yi masa a asibiti, wata da watanni, har ya rabu da ita. Ya dawo da murnarsa ya tarar an ba ƙanin matar manaja fokilif ɗin.

Ku yaran yanzu, ga abin da na koya. Ƙwayar ba ta yi ƙarya ba, aikinta ta yi, ta kwantar da shi kuma ta tashe shi. Mutane ne matsalar. Likita bai sake nemansa ba, mai kemis har gobe shagonsa a buɗe, Baba Dauda na nan yana jan addu'a. Bulus kaɗai aka kora. Yanzu keke napep yake tuƙawa a Barnawa, in na tare shi ma ba ya so mu yi zancen Kudenda.