Jikan Mutanen Burmi

Har gobe ban manta da ranar da muka kai Baba Alhaji ziyarar Uhudu ba, a Hajjin 1979, makonni kaɗan bayan soja sun miƙa wa farar hula mulki a Najeriya. Ku da kuka zo aikin nan daga baya, ga yadda ake yi a lokacin. Kowane rukunin alhazai yana da dalili, wato mai karɓarsu a Madina, ya nema musu masauki, ya kai su ziyara. Mu tafintoci a ƙarƙashinsa muke. A ofishinmu na unguwar Sultana mu biyu ne masu jin Hausa, ni da Bashir, kuma mudir, wato shugaban ofishin, ya ce bayan Hajji zai ɗaga ɗayanmu ya zama shugaban sashen. Ni dai a raina na riga na hau kujerar.

A Sudan aka haifi Bashir, aka kawo shi Madina yana goye. Hausarsa rabi Larabci ce. Ni kuwa Bazazzagi ne, ga shahadar jami'a, wato digiri, a hannu. Me zai nuna mini?

Baba Alhaji babban baƙo ne. Ya sha ɗauri a zamanin Turawa saboda siyasa, kuma yana cikin waɗanda suka zauna a Legas suka tattauna sabon tsarin mulki. Mudir ya ce mu raka shi mu biyu, zai ji wanda baƙon zai yaba.

A Uhudu na zage na yi bayanin yaƙin tiryan-tiryan, ban bar wa Bashir ko tari ba. Da tsohon ya gaji sai ya zauna a rumfar wani mai dabino, ya shiga ba mu nasa labarin: yadda 'yan doka suka riƙa tarwatsa musu taro, da yadda aka yi ta kai da komowa zuwa London har aka sauke tutar Ingila a 1960.

"Da baki da alƙalami muka karɓo ta," in ji shi, "amma masu takobi ne suka fara." Sai ya dubi Bashir. "Ɗana, kai ɗan ina ne? Na ji Hausarka ta sha tafiya."

"Wallahi ya Hajji, ban taɓa ganin ƙasar ba," in ji Bashir. "Kakana yana cikin waɗanda suka ƙi bin Nasara. Aka yi yaƙi a Burmi, ya'ani aka kashe 'yan'uwansa, shi ya yo gabas a ƙafa har Sudan."

Tsohon nan ya dafa sanda ya miƙe, ya rungume shi yana hawaye, ya cire hularsa ya ɗora masa a kai. Ni ina tsaye riƙe da gorar ruwa kamar yaron mota. Kishi ya turnuƙe ni. Can tsohon ya waiwayo ya ce, "Kai fa?" Na ce babana ma'aikacin En'e ne. Ban ce masa ɗan doka ne ba. Ya ce, "Allah sarki," ya koma ga Bashir.

A hanyar masallacin Ƙiblatain suna bayan mota, ni ina gaba kusa da direba, kunnena yana wajensu. Na ji Bashir ya ce, "Baba, wannan dustur, ya'ani tsarin mulkin da kuka rubuta, akwai wurina a ciki? Sudan sun ce ni baƙo ne, nan ma iƙama, takardar zaman baƙi, kawai gare ni. Fasfo nake so."

"A ina aka haifi mahaifinka?"

"A Sudan."

Tsohon ya bayyana masa cewa wanda aka haifa a waje ba ya zama ɗan ƙasa sai in uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne. "Mun yi gardama a kan komai har muryoyinmu suka dishe," in ji shi. "Wallahi ban ji wanda ya tuna da ku ba. Ni ma ban tuna ba."

Da muka koma ofis tsohon ya yi ta zuba wa mudir yabon Bashir, ni ko sunana bai riƙe ba. Amma shugaban sashe shi ke zuwa Jidda ya sa hannu a gaban jami'an alhazan Najeriya, kuma su ba sa karɓar wanda ba shi da fasfon ƙasar. Mudir ya juya, ya juya, bai ga mafita ba. Ya kira ni ya ce, "Mabruk, kujera taka ce," idonsa yana kan bango.

Bashir ya yi shekaru a ƙarƙashina, bai taɓa ɗaga mini murya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Labarinsa ya riga ya isa gida. Kowace shekara alhazai su shigo, su wuce teburina, su ce ina jikan mutanen Burmi.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan takarda ke ba da kujera, amma ba ta gaya wa alhaji hannun da zai kama. Ɗan ɗan doka ya samu fasfo da muƙami. Bashir ya rasu a nan Madina bai taka Najeriya ba, kuma har yau in aka ambace shi sai na ji kishin nan ya motsa.