Safar da Na Sayo wa Inna

Tun da na yi wayo na san ƙafafun Inna da faso. Nata ba ya jiran lokacin sanyi, rani da damina yana nan, dunduniyar ta tsage gida-gida, wata rana har jini yake tsattsafowa in ta daɗe tsaye a bakin turmi. Bayan rasuwar Baba aka gano tana da ciwon suga, sai abin ya ƙaru. Fatar ta bushe har ƙwauri tana ɓarewa fari-fari, idonta ya fara yin yana, kuma a hankali ta daina jin tafin ƙafarta. Takan ce ji take kamar a kan auduga take tafiya.

Mai kula da ƙafafun nan ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba. Gidanta yana can ta wajen Kusugu, lungu uku ne tsakaninmu. Kullum in an idar da la'asar za ka ji sallamarta tun daga zaure, ta shigo da gwangwanin man kaɗanya da ta cuɗa da man shanu, da ɗan dutsen goge kaushi ƙulle a bakin mayafi. Ta jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi, ta goge, ta ɗora su a cinyarta, sannan ta bi tsaga ɗaya bayan ɗaya tana cusa mai da babban yatsa. Har tsakanin yatsu take buɗawa ta leƙa. Bakin nan nata kuwa ba ya hutawa: wanda ya aurar, wanda gyaɗarsa ta yi kyau a Dutsi, wadda ta zuba wa miyar suna gishiri sau biyu. Inna tana kishingiɗe tana cewa, "Ke dai Allah ya shirye ki," amma tana dariya har da hawaye.

Ni ce 'yar farin Inna, don haka ban taɓa kai hannu kan ƙafafun nan ba. Ba ta kiran sunana, "yarinyar nan" take ce mini ko da na haihu uku. In na zauna a tabarmarta sai ta matsa, in na kawo mata abu sai ta ce in ajiye can. Na san alkunya ce, kowa ya sani, amma sanin bai hana ni jin haushi ba. Gaskiya kishin Gwaggo nake yi. Ina ganin ƙafar uwata a cinyar wata, ni kuma ina gefe ina tsintar shinkafa.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ina koyarwa a wata firamare a Zango, can nake aure, sai ranar Asabar nake shiga mota in zo Daura. Lokacin Islamiyyar matan aure ta cika maƙil, kasuwa ta cika da hijabi da safa, matar da ba ta taɓa rufe ƙafa ba ta koma sai da baƙar safa take fita unguwa. Ni ma na shiga karatun, kuma na ƙaru, ba zan yi butulci ba. Sai dai ina gama littafi biyu na fara ganin duk tsofaffin gidanmu gyara suke buƙata, kuma ni ce mai gyaran.

Wata abokiyar aikina tana sayar da kayan da yayarta ke kawowa daga Makka. A cikin jakarta na ga safar. Daga waje baƙar safa ce kamar kowace, amma in ka juya cikinta akwai wani abu mai laushi da santsi kamar danƙo, mai maiƙo, yana ƙamshin fure. Ta ce an yi ta ne musamman don masu bushewar ƙafa, tana riƙe danshi, ba sai an shafa komai ba. Da tsadarta, amma ban yi ciniki ba, na ɗauki ƙafa biyu-biyu har kashi biyu. A mota ina rungume da ledar ina murna, yau ni ma na samo abin da zan yi wa Inna.

Na tarar da su a tsakar gida, Gwaggo ta gama ƙafa ɗaya. Na zazzage safar a tabarma na yi bayani kamar ina gaban aji. Gwaggo ta ɗauka, ta juya, ta shinshina, ta yatsine fuska.

"Malama, to in za ta yi alwala fa? Sau biyar za ta riƙa tuɓe wannan abu mai yauƙi?"

Na ce ai ruwan alwalar ne ma yake ƙara tsaga ƙafar. In ta sa safar da alwala a jikinta, shafa kawai za ta riƙa yi a kai har kwana ɗaya da yini, an yi mana karatun.

Ta ce, "Mu dai huffin fata muka sani, shi ma maza muka ga suna sawa. Kuma ƙafar mai suga ba a rufe ta, ido take so."

Nan raina ya ɓaci. Na ce mata shekara nawa tana goga man shanu, me ya canza ban da ƙarni da kiran tururuwa? Na ce duniya ta ci gaba, ta huta haka nan, ta daina wahalar da kanta kullum a rana. Ban ɗaga murya ba, amma na san yadda na faɗe shi, kuma ita ma ta sani. Ta goge hannunta a zane, ta rufe gwangwaninta a hankali, ta dubi Inna.

"Yaya, ke me kika ce?"

Inna ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Tunda yarinyar nan ta sayo, a sa."

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne safar ta yi aiki. Bayan sati biyu na matsa wa Inna ta cire don in gani, ta cire tana kawar da kai. Dunduniyar ta yi sumul, tsagar ta kusa haɗewa. Na kira ƙanena ya gani, na kira maƙwabta, na aika a gaya wa Gwaggo ta zo ta ga ikon Allah. Ta zo, ta duba daga tsaye, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Daga nan ta daina zuwa kullum, sai ranar Juma'a, ta zauna a kujera 'yar tsugunno hannuwanta a cinya ba abin yi. Hirar ma ta ragu, don ashe hirar tasu da hannu take tafiya.

Inna ta riƙe umarnina fiye da yadda na bayar. Da asuba take cirewa a banɗaki, ita kaɗai, ta wanke ƙafar, ta yi alwala, ta sa ɗayar, ta wanke wadda ta cire ta shanya a bayan ƙofa. Safar tana zamewa a silifas, don haka sai ta koma yawo da ita haka nan a tsakar gida ba takalmi. Babu wanda ya yi tunanin itacen girki, alhali rabinsa aduwa ce.

Jarrabawar ƙarshen zango ta zo, ga ɗana ƙarami ya yi ƙyanda, na yi sati biyar ban leƙa Daura ba. Ina aika gaisuwa, ana dawo mini da lafiya lau. Wata Laraba ina cikin aji na hango ƙanena ya tsayar da mashin a gindin bishiya bai ko kashe ba. Ya ce Inna kwana uku tana zazzaɓi, ta ƙi asibiti, kuma ɗakinta yana wani irin wari.

Tun daga bakin ƙofa na ji shi, ya gauraye da ƙamshin furen nan. Inna tana kwance, jikinta zafi zau, ƙafar dama ta kumbura har safar ta nutse a fata. Na durƙusa zan cire, ta janye da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce, "Bari, a kira ta." Sai da Gwaggo ta zo da gudunta ba mayafin kirki, ta sa almakashi ta tsarge safar daga sama har ƙasa. Ƙayar aduwa ce ta shiga ta tsohuwar tsaga ta karye a ciki. Dunduniyar ta yi baƙi, yatsu biyu sun bi ta. Gwaggo salati kawai take yi, ni kuwa na fita bayan ɗaki na yi amai.

A asibitin garinmu suka duba suka ce mu wuce Katsina. Can likitan ya daɗe yana latsa ƙafar yana tambayar Inna ko tana ji, tana cewa a'a. Ya juyo ya tambaye mu wa yake duba mata ƙafa kullum, don mai irin ciwonta dole a samu mai dubawa, tunda ita ba za ta ji ba kuma ba ta gani sosai. Ƙanena ya dube ni, na dubi ƙasa. Gwaggo ce ta amsa, ta ce, "Ni ce, likita. Sakaci na yi." Ya yi mata faɗa sosai a gaban mutane, tsohuwa da furfurarta, tana cewa ya yi haƙuri. Ina tsaye ina ji, bakina ya ƙi buɗuwa, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da nake neman gafararsu.

Sun yi kwana huɗu suna ƙoƙarin ceto ƙafar. A rana ta uku muna zaune da Gwaggo a barandar asibiti na tambaye ta yadda aka yi ba ta lura ba, ita da take zuwa duk Juma'a. Ban san da wace fuska na yi tambayar ba. Ta ce ta lura. Tun Juma'a biyu da suka wuce ta ga Inna tana jan ƙafa, ta ji ɗan wari, ta roƙe ta ta cire a duba, har da kuka.

"Sai ta ce mini ita ma ta san da wani abu, ta taɓa ta ji danshi. Amma in aka cire aka ga ciwo, duk unguwa za a ce safar 'yarta ce ta jawo, ni kuma in samu abin faɗa. Ta ce yarinyar nan ba ta taɓa yi mata abu ta karɓa a gaban mutane ba sai wannan, a bar shi zai warke."

Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar Baba. Gwaggo ta bar ni na yi, sannan ta ce in tashi in wanke fuska kada Inna ta ji a muryata.

A ƙasan gwiwa suka yanke. Da aka nemi yardarta, abin da ta tambaya kawai shi ne yadda za ta yi sallah, aka ce a zaune, ta ce to. Suka miƙo wa ƙanena ƙafar a naɗe, ya sayi farin yadi ya ƙara naɗewa, ya kai maƙabarta ya binne ta, shi da wani dattijo. Da ya dawo bai ci abinci ba, kuma bai yi mini magana ba har muka koma Daura.

Na ɗauki hutu na zauna da ita wata biyu. Gwaggo ta dawo da zuwanta na kullum ba tare da kowa ya roƙe ta ba, ni ma ban iya ba ta haƙuri da baki ba, ruwan ɗumi kawai nake dafa mata kafin ta iso. Idon Inna ya ƙara rufewa, sai inuwa take gani. Wani abu kuma ya zo da ba mu san da shi ba: ƙafar da aka binne ta fara yi mata ciwo. Matar da ta shekara ba ta jin tafin ƙafarta, yanzu ga shi tana cewa dunduniyar dama ta bushe, tana ja, tsagar tana yi mata zafi. In ina kusa ba ta faɗa, sai dai in ga tana cije leɓe tana laluben tabarma inda babu komai.

Ranar da hutuna ya ƙare na yi mata sallama bayan la'asar, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Na kai zaure na tuna na bar katin asibitin ɗana a ɗakinta, na dawo ba takalmi. Gwaggo ta gama shafe ƙafar hagu tana shirin rufe gwangwani, sai Inna ta ce, "Taimaka ki shafa mini ta daman nan, yau ta matsa mini."

Gwaggo ta ɗago ta gan ni a bakin ƙofa. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta matsa gefe a hankali, ta turo mini gwangwanin da ƙafarta. Na durƙusa, na lakato man, na ɗaga zanen, na ɗora dungun a cinyata. Ya yi sanyi, ɗinkin ya warke ya bar tudu. Na fara shafawa.

Inna ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Yawwa, nan." Can ta ƙara da cewa, "Ta tafi ko?"

Gwaggo ta matso da bakinta kusa da kafaɗata ta ce, "Ta tafi, Yaya."

"To kada ki gaya mata tana yi mini ciwo. Kin san halinta, sai ta sa abin a ranta."

Gwaggo ta ce, "Ba zan faɗa ba."

Na ci gaba da shafawa, ina kawar da fuska gefe don kada hawaye ya ɗiga mata a fata.